Taurari Masu Guntun Hannu

Ina yankan albasa a kicin aka buga ƙofa. Na zaci mai kawo gas ne, don tun safe nake jiransa. Da na buɗe sai na ga Barkono, mai shagon da ɗana yake wa aiki, ya cire hula ya riƙe a hannu. Mutumin nan ban taɓa ganin ya shigo gidanmu bai yi wa wani tsiya ba, shi ya sa ake ce masa Barkono. Ran nan ko gaisuwa ya kasa. Gaban rigarsa a jiƙe yake, gishiri ya fara bushewa a jiki, fari-fari.

Ya ce, "Inna, ki zauna."

Na ce, "Ina Cindo?"

"Ki dai zauna tukuna."

Ban zauna ba. A tsaye ya gaya mini, wuƙar tana hannuna. Suna canza ruwan tankin kifi ne a ɗakin jiran wani likitan haƙori. Cindo ya ɗauko bokiti, ya ajiye, ya dafe ƙirji, ya zauna a kujerar masu jira. Kafin a kai shi mota ya cika. Na yi salati, na sake yi. Sai na ji kaina ina tambayar Barkono wa zai ƙarasa wa likitan canjin ruwan. Har yau ban san abin da ya kawo wannan tambaya bakina ba.

Cindo shi ne autana. Da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu. A asibiti suka ce a cire, babansa, Allah ya jiƙansa, ya ce abin da aka ba yaro shi ba zai karɓe masa ba. Haka ya girma da shi, sunan ya bi shi har ya danne sunansa na gaskiya. Aikinsa kula da tankunan kifin teku a otal-otal da ofisoshi. Mu uku muke zaune a saman bene: ni, shi, da matarsa. Ita ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata. Allah bai ba su haihuwa ba.

A falo, jikin bango, akwai nasa tankin. Tsawonsa ya kusa na doguwar kujera. Shuɗiyar fitila a sama, inji yana gurnani a ƙasa dare da rana. Kifi uku ne a ciki, biyu masu ruwan lemo da farin zane, ɗaya rawaya mai tsinin baki. Sai duwatsu, sai murjani. Ni murjani a wuyan mata na san shi, sai a wurin Cindo na ji cewa abu ne mai rai, yana ci yana girma. Watan da ya auri Nas ya kawo wani ɗan guntu, bai fi farce ba, ya manna a kan dutse ya ce mata, "Wannan naki ne. Duk ranar da kika yi fushi da ni, wurinsa zan kai ƙara." Abin ya yi ta yaɗuwa har ya rufe dutsen, faɗin tafin hannu biyu. Kamar ƙananan maɓallai ne jere da juna, gefensu kore, tsakiyarsu ja. In an kunna fitila su buɗe, in an kashe su dunƙule.

Da masu ta'aziyya suka yi sauƙi, wata safiya Nas ta same ni ina zuba wa kifin abinci.

Ta ce, "Inna, zan ce wa Barkono ya zo ya ɗauke shi."

"Ya ɗauke wa?"

"Tankin."

"Me ya yi miki?"

"Ba abin da ya yi mini. Amma ni da ke wa ya iya? Za su mutu a hannunmu ɗaya bayan ɗaya muna kallo. Ni kuwa na gaji, Inna. A wurin aiki in gani, in dawo gida in gani."

Kayan Cindo na sawa an rabar, takalmansa an rabar, babur ɗinsa yayansa ya tafi da shi. Abin da ya rage a gidan yana motsi saboda shi, tankin nan ne kaɗai.

Na ce, "Ki bar mini shi, 'yar nan. Na raini 'ya'ya biyar, kifi uku ba za su gagare ni ba."

Ta yi yaƙe ta ce, "To. Amma ranar da na ga wani abu ya fara mutuwa a ciki, zan kira shi. Kuma kada ki hana ni."

Na ce na yarda.

Barkono ya zo ya nuna mini yadda ake yi. "Abinci ɗan tsunkule kawai, Inna, nan ba gidan biki ba ne. Na san ku tsofaffi, in kuka ga baki yana motsi sai kun cusa masa wani abu." Ya ce in ruwa ya ragu in ƙara daga jarkar da ya kawo, kada in sa gishiri, shi gishirin ba ya zuwa ko'ina. Ya ba ni maganaɗisun goge gilashi, rabi a ciki rabi a waje, in ka ja na waje na ciki ya bi shi yana kankare gansakuka. Ya ce sai ƙarshen wata zai dawo ya canza ruwa. Maganar taurari ko kusa bai yi ba.

Na san da su tun da can, amma ban taɓa sa musu ido ba. Wasu ƙananan halittu ne masu siffar tauraro, farare-farare, babbarsu ba ta fi farcen ƙaramin yatsa ba. Suna manne a jikin gilashi kamar an liƙa su, sai ka juya ka dawo ka ga sun matsa. Na tuna Nas tana tsokanar Cindo da su. In ta ga mai hannu shida sai ta ce, "Zo ka gaida danginka." Shi kuma ya ce, "Ke dai baƙin ciki kike, an ba mu ƙari ba a ba ki ba."

Yanzu da nake wuni a gaban tankin sai na fara ƙirga hannayensu. Ni abin da na sani, tauraro hannu biyar gare shi, haka yara suke zana shi a makaranta. Mai shida na ce ba komai, na Cindo ne. Amma sai na ga mai huɗu. Na ga mai uku. Na ga wata hannu ɗaya dogo, sauran duk guntaye kamar an gutsure su. Wata kuwa rabi ce kawai, gefe guda a yage.

Na ce a raina, shi ke nan, an fara.

Da farko rawayan kifin nan na zarga, saboda tsinin bakinsa. Na zauna na yi ta gadinsa, ban ga ya taɓa su ba. Sai na ce to ni ce, maganaɗisun nan nake bi ta kansu da shi ina yayyaga su. Na koma gogewa a hankali, ina zagaye kowace ɗaya. Gari ya waye na tarar masu guntun hannu sun ƙaru. Na rage abinci, sun ƙaru. Na ƙara abinci, sun ƙaru. Duk abin da na yi, 'ya'yan mutane sai gutsurewa suke a hannuna, kuma a gaban gilashi suke zama, inda duk wanda ya shigo falo zai gan su.

Lokacin Nas tana aikin kwana, sai hantsi take dawowa. A cikin kayan Cindo akwai wani dogon hantsaki. Wata safiya na ɗauko shi na ciro masu guntun hannun ɗaya-ɗaya. Ban iya zubar da su ba. Na ɗebi ruwan tankin a kofin shayi na zuba su, na marmasa musu abincin kifi, na ɓoye kofin a kicin bayan gwangwanin fulawa. Na ce jinyarsu zan yi, in sun warke in mayar da su. Haka na gaya wa kaina. Amma na san ba don jinya na zaɓi bayan gwangwani ba.

Ba su daɗe ba ruwan ya yi wari. Suka narke, suka zama kamar an jiƙa alli. Na wanke kofin ina hawaye, washegari na sake cika shi da wasu.

Nas in ta dawo ba ta iya kallon tankin sosai. Tana cire takalmi, fuskarta a wani gefen, sai ta ce, "Lafiya suke, Inna?"

In ce, "Lafiya lau."

Sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari," ta shige ɗaki. Wata rana har ta kawo mini man shafawa, wai ta ga ruwan gishiri yana fasa mini hannu. Na karɓa na yi godiya, na kasa shafa shi.

Abin da yake sanyaya mini rai a lokacin, akwai wasu taurarin a kan dutsen murjani. Su ba farare ba ne, duhu-duhu ne da ɗigo-ɗigo a baya, sun ɗan fi sauran ƙiba, hannayensu cif-cif. Har akwai masu shida a cikinsu. Na riƙa ce musu, "Ku dai kun yi hankali, Allah ya yi muku albarka." In na ga ɗaya daga cikinsu ta hau gilashi, sai in ɗauke ta da hantsaki in mayar da ita kan murjanin, don kada maganaɗisu ya same ta. Da hannuna nake ɗora su.

Na lura gefen murjanin na dama ya daina buɗewa. Na ce ƙila fitila ce ba ta kai wa nan. Sai maɓallan suka fara shanyewa, dutse ya fara bayyana fari fat. Na ga wannan ma. Na ce bari Barkono ya zo, ƙila sabon ruwa suke so. Lambarsa tana cikin wayata, ban kira shi ba, don in na kira shi Nas za ta ji.

Ya zo ƙarshen wata kamar yadda ya ce, da jarkoki da tiyo, yana haki a kan matakala.

"Inna, wanda ya gina benen nan ba ya son mutane. Ina kwana? Ina fatan ba ki soya kifin nan ba."

Na ce, "Da na soya da na ajiye maka kai."

Ya tsuguna a gaban tankin. "Kifi dai sun yi ƙiba, na faɗa. To ina 'yan sharar gilashin suka tafi? Da sun cika nan. Ga gansakuka ta samu wuri."

Na shiga kicin na ɗauko kofin na miƙa masa. Akwai na jiya a ciki, wasu suna ɗan motsi, wasu sun fara narkewa. Ya sunsuna ya kawar da kai.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Masu ciwo ne. Hannayensu suke gutsurewa. Ban san me nake musu ba."

Ya dube ni, ya dubi kofin. Na ga tsiya ta zo bakinsa ya haɗiye ta.

Ya ce, "Zo ki gani." Ya haska tocilar wayarsa can lungun gilashi ta bayan inji. Akwai wata a nan, rabinta ya nufi sama rabinta ya nufi ƙasa, tsakiyar ta yi siriri kamar ana jan ƙullin fulawa. "Kin ga wannan? Kafin gobe ta zama biyu. Haihuwarsu ke nan. Su rabe, kowane rabi ya tafi da hannu uku ko biyu, sauran su tsiro masa daga baya. Shi ya sa za ki ga mai huɗu, mai bakwai, mai dogo da guntu. Ba mai ciwo ko ɗaya a nan. In suna rabewa, daɗi suke ji."

Na ce, "Wato lafiyarsu ƙalau."

"Ƙalau."

Na zauna a ƙasa. Ya tsince masu sauran motsi ya mayar da su ruwa. Yana cikin haka idonsa ya kai kan dutsen murjani. Ya ce in miƙo masa hantsakin, ya karɓa ya ɗaga ɗaya daga cikin masu duhun nan. Inda ta tashi, maɓallin ya zama ɗan fatar banza.

"Waɗannan tun yaushe suke nan?"

"Tun farko. Su ne masu lafiyar."

"Su ne ɓarayin, Inna." Ya sa hannu ya juya dutsen. Ƙarƙashinsa cike yake da su, manya da ƙanana, masu cikakken hannu da masu guntaye. "Ba a gane su da yawan hannu, duk rabewa suke. Launi ma ba na rantsuwa a kansa. Inda take zama ake dubawa. Wadda take yawo a gilashi shara take ci, a bar ta. Wadda ta kwanta a kan murjani ta ƙi tashi, cinsa take. Hantsakin nan don su Cindo ya saya. Duk mako sai ya tsince su."

Na sha ganinsa tsugune da hantsakin, harshe a waje kamar yaro. Na zaci wasa yake.

Na ce, "Ni nake ɗora su a kai."

Ya ce, "Laifina ne, ban gaya miki ba. Hankalina ba ya jikina ran nan." Ya jujjuya dutsen a hannu. Fiye da rabi ya tafi. Ya rage murya ya ce, "Zan iya juya shi, farin ya kalli bango. Daga gaba ba mai ganewa. In Allah ya so, a hankali ya sake rufewa."

Ba zan ɓoye ba, na so in ce ya juya. Har na buɗe baki. Sai muka ji makulli a ƙofa.

Nas ta shigo da farin kayanta, ta gaida Barkono, ta sunkuya tana cire takalmi. "Lafiya suke, Inna?"

Barkono ya tsaya da dutsen a cikin ruwa yana kallona.

Na ce, "Ba lafiya ba. Zo ki gani."

Na gaya mata duka, har kofin, har bayan gwangwani. Ta tako da takalmi ɗaya a ƙafa ta tsaya a gaban gilashin. Rabon da ta tsaya a nan tun Cindo yana da rai. Ta daɗe tana kallon dutsen.

Ta ce, "Kullum sai na tambaye ki."

Na ce, "Kin tambaya."

"Kullum, Inna. Da kin gaya mini tun yana ɗan kaɗan..." Ta dafa gilashin. "Duk abin da ke gidan nan na gado ne, kowa yana da rabo. Wannan kaɗai ya ce nawa ne."

Barkono ya ce, "Nas, ni ya kamata..."

"Ka kawo mota ka ɗauke shi," ta ce. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta buga ƙofar ba, a hankali ta rufe, da ma bugawa ta yi.

Barkono ya koma kan aikinsa. Ya tsince masu duhun tas. Ya sa reza ya yanko inda ya rage da rai, bai fi faɗin yatsa biyu ba, ya manna shi da gam a kan wani sabon dutse mai tsabta. Tsohon dutsen ya sa a bokiti zai tafi da shi. Da ya gama ya je bakin ƙofarta ya ce, "Nas, zan kawo motar. Amma wannan da na yanka, in aka jijjiga shi yanzu ba zai kai shago ba. Sai ya kama dutse ya buɗe tukuna. Ba wayo nake miki ba."

Daga ciki ta ce, "Na ji."

Ɗan guntun ya daɗe a dunƙule. A kwanakin nan tsakanina da Nas sai gaisuwa. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba halinta ba ne. Takan dafa ta zuba mini, takan tambayi ƙafata. Amma in na shigo falo sai ta tuna tana da wanki.

Wata safiya na kunna fitila, maɓalli biyu suka buɗe. Ban yi murna ba, don na san abin da buɗewar take nufi. Da ta dawo na ce, "Ya buɗe. Ki kira Barkono." Ta ajiye jaka ta tsuguna ta duba. Ta ce, "Biyu ne kawai. Bari sauran su buɗe."

Sauran sun buɗe. Yanzu har sun fara sabbi a gefe. Barkono yana zuwa duk ƙarshen wata da jarkokinsa yana zagin benen, bai kawo mota ba. Nas ba ta sake ce masa ya kawo ba, ba ta kuma ce ta fasa ba. Ta daina tambayata komai a kan tankin. In ta dawo takan je da kanta, ta ɗaga ɗan dutsen ta duba ƙarƙashinsa, ta mayar, ta wanke hannu. Ina zaune ina kallo. Ba na cewa na riga na duba.

Fararen sun sake yawa. Na yi ƙoƙarin tuna nawa suka narke a kofin nan, na kasa, kuma kofin ma ban sake shan shayi da shi ba. Kullum da safe, kafin in ɗora ruwan zafi, nakan goge gilashin gaba da na gefe biyu. Na wajen bango ba na taɓa shi. Ya yi kore shar, ba shi da kyan gani, amma nan suke taruwa su ci.